Direban da Ke Cikin Kwamfutar Yaya Auwalu

Tun da na dawo daga China ba a bar ni na ɗinka ko wuyan riga ɗaya cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo shago, kafin ya gama sallama sai ya ce, "Sabi'u, yaya China? Da gaske ne abin da ake cewa suna ci?" Wasu ma tsaraba suke fara tambaya, sai sun kai bakin ƙofa su tuna abin da ya kai ni, su juyo su ce Allah ya jiƙan rai. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma in koma kan kekena.

Yaya Auwalu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe a Guangzhou, garin da 'yan kasuwarmu suke ce wa Gwanzu, yana saro wa mutanen kasuwar Kwari ta Kano kaya. Wata safiya aka bugo waya aka ce ya rasu, 'yan'uwa Musulmi sun yi masa sutura an binne shi a can. Muka yi zaman makoki babu gawa. Hajiya mahaifiyarmu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tambaya ɗaya take yi wa duk wanda ya shigo gaisuwa daga cikin masu zuwa China: wa yake tare da shi lokacin da ya cika, kuma ya samu ya yi kalmar shahada? Kowa sai ya ce shi bayan an gama ya iso asibitin. Da abin ya yi tsawo na ga tambayar tana cin ta, sai na nemi biza. Ranar da zan tafi ta ce, "Ba kayansa nake so ba. Amsar nan za ka kawo mini."

A filin jirgin Kano na gane ashe kowa a garin nan yana da ɗan'uwa a Gwanzu da rashin daddawa yake neman hallakawa. Mutanen da ban taɓa gani ba suka riƙa miƙo mini ƙulli, "Don Allah ɗan wannan ne kawai." Habu mai kafen intanet na kusa da shagona shi ma ya raka ni, ya danƙa mini wani ɗan modem kamar yatsa, irin wanda ake sa wa layin waya a soka a jikin kwamfuta ta shiga intanet. Ya ce an buɗe shi, babu layin da ba ya ci a faɗin duniya. Na yi masa godiya sosai. Da na san abin da yake tafe da na rage godiyar.

Muka yada zango a Addis Ababa, muka zauna a kan kujerun ƙarfe har bayana ya haddace su. Daga nan jirgi ya ɗauke mu tafiyar da na yi barci na farka, na sake yi na sake farkawa, muna nan dai a sama. Da muka sauka, wani jami'i mai safar hannu ya buɗe jakata cikin ladabi, ya kwance ƙulli ɗaya, ya kai hanci. Ya ja da baya taku biyu, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina. Suka dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya zo da gawar wani abu. Na nuna bakina na ce abinci ne. Ba su yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Daddawar mutane dai a nan ta kwana, masu ita su yi haƙuri.

Alhaji Mudi ne ya tarbe ni, abokin Yaya ne tun suna saye da sayarwa a Kwari. Ya rungume ni ya yi mini ta'aziyya da gaske. Bayan nan ya share ido ya ce, "Ƙanina, kwantar da hankalinka. Yaren mutanen nan a bakina yake kamar ruwa." Kafin mu isa masauki na gama ƙirga ruwan: nihau, wato sannu, shiye-shiye, na gode, lawban, maigida, da meyo, babu. Sauran yaren kuma ɗaga murya ne da nuni da hannu. In Bacane, wato ɗan China, bai gane ba, sai Alhaji ya maimaita da ƙarfi, ya juyo ya ce mini, "Ɗan ƙauye ne, ba ya jin na birni."

A ɗakin Yaya na sauka, can sama a wani dogon gini kusa da titin Guangyuan inda manyan kantunan tufafi suke. Mai gidan ya ba mu mako ɗaya mu kwashe kaya. Jallabiyarsa tana rataye a ƙusa, silifas ɗinsa a bakin banɗaki, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda yake cire su tun muna yara. Ban taɓa su ba sai ranar ƙarshe. Washegari Alhaji ya kai ni maƙabartar Musulmi, na ga kabarin, na yi masa addu'a. Wannan ba zan tsawaita a kansa ba.

Abinci kuwa, taliya ce safe da rana a shagon wasu Musulmin China masu farar hula. Mutum zai ja ƙulli da hannu ya mayar da shi zare a gabanka, sannan a ba ka tsinke biyu a ce ka ci. Ni da nake zura zare a allura ido rufe, sai ga ni taliya tana guje mini. In ka nemi ruwan sha a wannan zafi, tafasasshe za a kawo maka, wai shi ne lafiya. Gaisuwa kuma ba a san ta ba. A cikin lif na gaishe da wani dattijo da kai da murmushi, na ƙara da nihau, sai ya danna maɓalli ya fita a benen da ba nasa ba. A unguwarmu in mutum ya yi tuntuɓe, kafin la'asar an san wanda ya ɗaga shi da wanda ya yi dariya. Nan kuwa mutum ya rasu da rana tsaka cikin wannan ɗimbin jama'a, an rasa wanda zai ce ina wurin.

Takardar asibiti ba ta faɗi wanda ya kawo shi ba. Wayarsa da modem ɗinsa, da kullum suke aljihunsa, ba a gan su ba. Abin da ya rage kwamfutarsa ce ta cinya. Alhaji ya ce duk harkar Yaya a wata manhajar hira ta 'yan China yake yin ta, duk wanda suka yi alƙawari da shi ranar yana ciki, amma ba ta buɗewa sai da intanet. Na tambayi mai gadin ginin ko akwai ta iska, wato wifi, ya ce meyo. Alhaji ya ce ko da akwai ma, wannan ɓangaren na kwamfutar ya daɗe da lalacewa, shi ya sa marigayi yake yawo da modem. Na ce ai kuwa an zo wurin, na ciro na Habu, muka sayi layi muka sa.

Kwamfuta ta kunnu lafiya lau. Ina soka modem ɗan haskensa ya ƙifta sau biyu, sai komai ya ƙame. 'Yar kibiyar nan da take yawo a fuskar ta tsaya cak, agogon da yake lungu ya ƙi gaba, na danna duk abin da yake dannuwa, ko gezau. Sai da na danne maɓallin kashewa har ta mutu. Muka sake, ta sake. Muka canza rami, duk ramukan uku halinsu ɗaya. Muka soka shi kafin a kunna, ta ƙame tun ba ta gama buɗe ido ba. Alhaji ya karɓa ya hura ramin kamar mai tada gawayi. Ya cire batir ya goga a rigarsa. Ya ce sanyin ɗaki ne, muka kashe na'urar sanyi muka zauna muna zufa, mu da kwamfutar. Ya ce to gwamnatin ƙasar ce ta gane layin baƙo ne, alhali a ƙasan benen muka saye shi. A ƙarshe ya yi mata tofi.

Ni ba boko mai zurfi na yi ba, amma na san keke. In keke yana ɗinki lafiya, sai ka sa wani zare ya cije, ba ka kwance keken, zaren za ka tuhuma. Na cire layin na soka modem ɗin haka nan, ta ƙame. Na ce, "Alhaji, ba layi ba ne, ba sanyi ba ne. Ita da abin nan ne ba sa shiri."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji shi.

Ya kai ni wani gini da masu gyara suka cika shi tun daga ƙasa har sama, kowa da ɗan tebur da fitila. Muka tsaya wurin wata mata mai tabarau tana cin abincin rana. Ta ajiye tsinkenta, ta kunna, ta soka, ta ga abin da muka gani. Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "Si ji."

Alhaji ya buga tebur. "Siji! Ka ji ko? Wannan kalmar na san ta kamar sunana. Direba ke nan. Ta ce direba ne."

"Wane direba kuma, Alhaji?"

Sai ya dafe kai. "Inna lillahi. Ai marigayi yana da wani Bacane mai farar mota da yake kai masa kaya tashar jiragen ruwa ta Nansha. Shi ya taɓa kwamfutar ya lalata. Kuma wa ya sani ko shi ne yake tare da shi lokacin da ya cika?"

Wata biyu ana tambaya daga Kano, sai yau Alhaji ya tuna akwai direba. Na tambaye shi sunansa, ya ce lawban yake ce masa. Lambarsa fa? Tana wayar marigayi. Matar tana ta yi mana magana tana nuna kwamfutar, Alhaji ya ce mata shiye-shiye, ya ja hannuna muka fita.

Kwana biyu muka yi muna bin masu fararen motoci a bakin kantunan Guangyuan, ina nuna hoton Yaya. Fararen motoci a wurin sun fi tumakin kasuwar Wudil yawa. Wasu su ce meyo tun ban ciro hoton ba. Wani ya duba ya nuna Alhaji, wai ga shi nan ai. Wani kuma ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya buɗe mana ƙofa, muka shiga. Ya yi ta tafiya da mu har bayan gari, ya sauke mu a shagon takalma na ƙaninsa, aka kawo mana kujeru da ruwan zafi. Saura kwana uku jirgina ya tashi, abin da na samo wa Hajiya shi ne takalman mata sun fi sauƙi a bayan gari.

Ranar Juma'a bayan an sallame na haɗu da Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, malamin makaranta mai furfura da ya zo ƙarin karatu a wata jami'a ta garin. Ya ji ana yi mini ta'aziyya ya matso, na ba shi labari. Ya ce, "Mi matar ta ce, da bakinta?" Alhaji ya maimaita masa da alfahari. Malam Isuhu, da yake ya iya yarensu, ya ce mu koma wurinta tare.

Suka yi magana da matar kaɗan, sai na ga yana danne dariya saboda ni. Ya ce, "Alhaji, yarensu kamar namu ne, murya ke raba kalma. Kuka na ido daban, kuka ta miya daban, ko ba haka ba? In ka ɗaga murya, siji direba ne. In ka sauke ta, ma'anarsa inji ya mace. Haka su ke cewa in kwamfuta ta ƙame. Abin da kuka gani da idonku ta faɗa muku."

Wato kwana biyu muka yi muna neman mutum saboda an ce mana kwamfutar da ta ƙame ta ƙame. Alhaji ya ce matar ce ba ta iya furtawa ba.

Ta sake yin wata magana tana share iska da tafin hannu, Alhaji ya gyaɗa kai yana cewa to, to. Na ce Malam, me ta ce? Ya ce wai hanya mafi sauri a wanke kwamfutar gaba ɗaya a zuba mata sabon komai. Na ɗora hannuna biyu a kanta. Na ce, "Gaya mata mai ita ya rasu. Abin da yake ciki na zo nema daga Najeriya. Ko harafi ɗaya kada ta goge." Da ya faɗa mata, ta cire tabarau ta dube ni, sannan ta ture kwanon abincinta gefe ta jawo kujera.

Ta kunna ta tana danna wani maɓalli a kai a kai, sai kwamfutar ta buɗe ta wata ƙofar baya, fuskar ta yi baƙi, rubutu ya yi manya-manya. A nan ta soka modem, bai ƙame ba. Ta buɗe wani dogon jeri ta nuna mana layi biyu, ɗaya da alamar rawaya. Malam Isuhu yana fassarawa: duk abin da aka soka wa kwamfuta yana zuwa da ɗan umarnin da yake koya mata yadda za ta tafiyar da shi. Na tsohon modem ɗin Yaya yana nan zaune. Na Habu kuma da ya shigo sai ya tarar da mai wuri, su biyun suka kama ƙofa ɗaya kowa yana ja, kwamfutar ta rasa wanda za ta bi ta tsaya.

Na ce, "Shi wannan umarnin, yaya sunansa?"

Malam Isuhu ya ce, "Mu da Faransanci pilot mu ke cewa, kamar matuƙin jirgi. Ku kuma da Turancinku…" Ya kalli Alhaji kamar ba ya so ya ƙarasa. "Direba."

"Allahu akbar!" Alhaji ya miƙe tsaye har masu gyaran kusa suka leƙo. "Me na ce tun ranar Talata? Ban ce direba ba ne?"

Matar ta cire tsohon, ta cire na Habu ma, ta ɗauko wanda ya dace daga tata kwamfutar ta zuba, ta kashe ta kunna. Ta miƙo mini modem ɗin ta ce in soka da hannuna. Haske ya ƙifta sau biyu. Na zuba wa kibiyar ido. Ta motsa.

Manhajar ta buɗe da kanta, saƙonni suka yi ta shigowa da ƙara. Yawanci na masu kaya ne. Amma a can sama akwai wani mai hoton farar mota, ya aiko saƙo ya fi ashirin, duk bayan ranar rasuwar. Malam Isuhu ya karanta a hankali. Kusan duk abu ɗaya suke cewa: duk wanda ya ga wannan cikin danginsa, ya yi haƙuri, ya kira ni. Alhaji ya buɗe baki zai ce wani abu game da direba, ya dubi fuskata, ya rufe.

Malam Isuhu ya rubuta masa amsa, washegari da rana mai farar motar ya same mu a shagon taliya. Sunansa Lao Chen, ɗan siriri ne mai kimanin shekarun Yaya, ya ƙi zama sai da Malam Isuhu ya ja masa kujera. Yana magana kansa a ƙasa, Malam yana juya mini.

Ya ce suna kan hanyar Nansha za su duba lodin kaya, sai Yaya ya dafe ƙirji, zufa ta karyo masa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya tambaye shi, asibiti? Yaya bai amsa ba. Sai ya ɗaga yatsa ɗaya, leɓɓansa suna motsi. Shi kuma ya ɗauka cewa yake yi jira minti ɗaya, tunda haka 'yan kasuwa suke yi masa kullum in suna waya. Sai ya jira. Har agogo ya duba. Yatsan yana sama, bakin yana motsi, shi yana zaune riƙe da sitiyari, har hannun ya sauka da kansa. A nan ya figi mota. Da likitoci suka ce ya rasu, tsoro ya kama shi ya tafi. Ya ce tun ranar yake lissafin mintin nan. Da bai jira ba.

Na ce, "Malam, ce masa ya nuna mini yatsan."

Lao Chen ya ɗaga hannun dama, ya naɗe sauran yatsun, ya miƙe manuniya.

 Alhaji ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa suna rawa. Na ce, "Gaya masa ba jira ya ce ba. Gaya masa abin da muke nufi da wannan." Malam Isuhu ya daɗe yana yi masa bayani, yana ɗaga nasa yatsan. Mutumin yana sauraro, yana duban hannunsa kamar ba nasa ba.

Ban iya jira na koma ɗaki ba. Na ari wayar Alhaji na fita bakin titi, a Kano lokacin hantsi bai gama ɗagawa ba. Na gaya wa Hajiya komai yadda aka gaya mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Na ce mutumin bai ji kalmomin ba, ko ya ji ma ba zai gane su ba, amma ga abin da ya gani.

Sai ta tambaye ni.

"Hannun dama?"

"Na dama, Hajiya."

"Alhamdu lillahi." Na ji ta ja numfashi. "Shi mutumin, Musulmi ne?"

"A'a. Yana ganin ma laifinsa ne da ya tsaya bai wuce asibiti ba."

"Yana kusa da kai?"

"Yana ciki."

"To koma ka ce masa uwar Auwalu tana gaishe shi. Ka ce na gode da ya bar mini ɗana ya gama."